Rigar da Na Farke Sau Uku

Zuwa ga hasken idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin da nake sha bayan guga, uwar 'ya'yana huɗu, wadda in ta yi tsaki keken ɗinkina kan tsaya da kansa don ladabi.

Bayan gaisuwa mai yawa, wadda ta fi ƙyallayen da ke ƙarƙashin teburina, na san za ki yi mamakin tsintar takarda a ƙarƙashin murfin tukunya, alhali ɗaki ɗaya muke kwana. To, ya zan yi? Kwana shida ke nan, da na buɗe baki zan ce "asibiti" sai ki kunna famfo, ko ki tuna kin bar abu a wuta. Ƙarar famfo dai ba ta danne rubutu.

Kin tuna shuɗiyar rigar nan, ya furen da ya ƙi yin yaushi? Ni na zaɓo yadin, ni na yanka, ban ko ɗauko tef ba, don awonki a kaina yake fiye da ranar haihuwata. Kika saka, kika tsaya gaban madubi, kika ce ɓangaren hagu yana ja. Ni! Telan da ya shekara ashirin da biyu yana miki ɗinki! Na farke, na sake. Kika ce har yanzu. Na zargi almakashi, na kai shi washi. Na zargi mai yadi, na je na yi masa tas a gaban mutane, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Kika ce tsufa ne ya kama ni, in nemi tabarau. Na nema, ga shi a hancina, duk unguwa na kirana malamin lissafi.

Sai a karo na uku na ajiye girman kai na ɗauko tef. Ɗinkina lafiyarsa ƙalau, kurciyata, kuma wallahi ban taɓa baƙin cikin samun gaskiya ba sai ranar. Maman hagu ne ya sauya. Akwai ƙullutu mai tauri kamar maɓallin kwat, ba ya motsi. Fatar wurin ta yi ramuka irin na ɓawon lemo, kan ya ɗan shige ciki, ga wani ƙarami a hammata. Kika ce ai kin san da shi tun wata uku, tunda ba ya ciwo kika ƙyale shi. Wata uku kina kallona ina zagin almakashi!

Na yaba miki, kin bi ni mun je. Likita ta ce rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne, ta ce kuma ba kowane ƙullutu ne cutar kansa ba, in ma ita ce, wadda aka kama da wuri ta fi jin magani. Aka ɗauki hoto, aka sa allura aka ɗebi ɗan nama don gwaji. Ke da aka soka ko gezau, ni da nake wuni da allura aka zaunar a benci ana mini fifita da fayil. Kin yi dariya har nas ta ce ki daina motsi. Da za a sayar mini da wannan dariyar da na ba da keke da teburin duka.

Yanzu sakamako ya fito, yana zaune a aljihun teburin asibiti yana jiranki. Na je karɓa shekaranjiya, nas ta dube ni sama da ƙasa ta ce ba ni aka ɗeba ba, sai mai jikin ta zo. Na ce ai ni da ke abu guda ne. Ta ce in koma in zo da ɗaya rabin.

Na san abin da ke ranki, don na ji kina faɗa wa yayarki a waya: wai in aka yanke maman, da wane ido zan dube ki? Da wannan dai, mai tabarau. Awonki ya sauya bayan kowace haihuwa, na taɓa kawo ƙara? Ba awo na aura ba. Tsoro nake ji, wannan ita ce gaskiya. Zare ya ƙi shiga mini allura, jiya na ɗinke wa wani mutum ƙafar wando ruf. Ba na tsoron abin da takardar za ta ce kamar yadda nake tsoron abin da ke girma muna nan muna kunna famfo.

Kullum kika ce mini "gobe za ni", ni kuwa na san wannan goben. Sana'ata ce. Da ita na sallami amare da angwaye, da masu suna, har da wani da yaronsa ya girma ya wuce rigar kafin in gama. Kada ki yi wa tela gobe, tauraruwata, ya san abin da ke cikinta.

Saboda haka na rufe shago, na rataya kwali a ƙofa. Gobe ƙarfe takwas na safe zan tsaya a bakin ƙofar ɗaki da mayafinki a hannu. In alheri ne mu dawo kina mini tsiya. In akasin haka ne, ni ne mai riƙe jaka, ni ne mai bin layi, in na sume a ɗaga ni in ci gaba.

Naki tun awon farko, kuma naki a kowane awo da zai zo,

Telanki, wanda bai taɓa cika alkawarin gobe ba, yana roƙon ki bar shi ya cika wannan.