Hannun Da Ba Ku Gwada Ba

Zuwa ga Shugaban tawagar likitocin gashin ƙashi da suka sauka Dutsin-Ma don auna ƙarfin yara masu shanyewar gaɓɓai.

Assalamu alaikum. Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Mai rubuto maka Alhaji Farfesa ne, Babban Sufeton masu auna ƙarfi na Arewa baki ɗaya, wanda in ya yi tari a ofis sai masinjoji sun miƙe tsaye. Don haka a gyara zama, a karanta har ƙarshe.

Maganar Hafsatu ce, wata ƙaramar yarinya daga Barkiya ta ƙasar Kurfi. An haife ta da lalurar nan mai taɓa ƙwaƙwalwa ta sandarar da gaɓɓai. Ba ta tafiya, jan jiki take. Sanarwarku ta ce duk yaron da hannunsa ke da ƙarfin riƙo za a ba shi keken dogarawa ya koyi tsayuwa. Uwarta ta goyo ta, mashin zuwa Kurfi, mota zuwa Dutsin-Ma. Kuka ce ba ta da ƙarfi, a mai da ta gida. Ga abin da ofishina ya gano.

Na ɗaya. Ma'aikacinku ya miƙa mata yatsu ya ce ta matse. Ta ba shi hannun dama, wanda lalurar ta fi ci, kullum a dunƙule yake. Hagun na bisa cinyarta, ba wanda ya tambaye shi. Yallaɓai, a wane gida ne yarinya ke miƙa wa babba hagu? Kakarta ta sha buge hannun nan kafin ta koyi karɓar ko ƙosai da dama, tana yi tana zufa. Ladabi ta yi maku, kuka ce rauni ne.

Na biyu. Ya dafa tafinta ya ce ta ture shi. Ta ture babba mai farar riga, a gaban uwarta? Sai ta sunkuyar da kai. Uwar ta buɗe baki za ta yi bayani, aka ce layi da tsawo, a kawo na gaba. Wallahi tunkiya a kasuwar Kurfi ta fi samun kulawa. Dillali sai ya dafa gadon bayanta, ya ɗaga ta, ya duba haƙora, sannan ya yi magana.

Na uku. Da hagun nan take jan jikinta daga ɗaki har zaure. Akuya ta taɓa tsinkewa, Hafsatu ta cafke ƙafarta ba ta saki ba sai da aka zo. Akwai kuma wani shaƙiyyi a gidan mai sace mata ƙuli-ƙuli, a je a duba kunnensa na dama, ya fi ɗayan tsawo.

Abin da ke ci mani rai, ta ga kekunan jere jikin bango, har ta nuna wanda take so. A hanya ta tambayi ko daga baya za a kawo mata, uwar ta ce e. Yanzu da ta ji ƙarar mashin sai ta ja jiki zuwa zaure. Gadon bayan uwar kuwa ya fara gazawa da goyo, yarinya girma take. Ga shi an ce kuna shirin raba sauran kekunan ku naɗe kaya.

Roƙona: a sake gwada Hafsatu kafin ku tafi, hannu biyun duka, a ce mata an yarda ta ba da hagu. A bar iyaye su ƙarasa magana. A sake kiran duk yaron da kunya ta kayar.

Allah ya ƙara maku basira, ya raba 'ya'yanku da wannan lalura, ya mai da ku gida lafiya.

Saura gaskiya. Ba wani Farfesa, ba ofis. Sani ne, yayan Hafsatu, mai faci a bakin tashar Kurfi. Iyakar karatuna allo, da ajami na rubuta, abokina ya juya shi boko. Na ari babbar riga ne don na ga yadda kuka yi da uwar Hafsatu mai tsohon mayafi, kuma ga shi ka karanta har nan. Shaƙiyyin mai dogon kunne ni ne. In kayan awonku sun gaza, zan zo da ƙuli-ƙuli, ga ɗaya kunnen, ku tsaya ku gani.

Wassalam.