Dabinon da Kawu Ya Sare

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aiki, ya sanyin can?

Yaya, ka san dogon dabinon nan na bayan kicin wanda bai taɓa yin 'ya'ya ba? Kawu ya sare shi! Na dawo daga asibiti bayan na tashi aiki, na tarar da shi kwance a tsakar gida, ya fasa mana bakin rijiya. Kawu na tsaye yana share gumi yana murmushi, wai ya taimaka mana ne, ya kawar da juya mai shan ruwan banza don a yi rumfar mota.

Umma ta tafi barka lokacin. Da ta shigo ta gani, ko mayafi ba ta cire ba, ta zauna daɓas a ƙasa. Ko ranar rasuwar Baba ban ga fuskarta haka ba. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Ka kashe musu miji."

Ashe namiji ne, Yaya! Sauran dabinanmu ukun mata ne, kuma sai garin furensa ya shiga nasu suke ɗaukar 'ya'ya. Abin da ya fi girgiza ni, tunda Baba ya rasu Umma ce ke kafa tsani bayan na fita aiki, ta yanko furen, ta hau ta ɗaura wa kowace. Umma, da wannan gwiwar tata! Mu kuwa sai dai mu ci, har mu aiko maka, muna zaton ruwa kawai ake ba su.

Ka kira ta don Allah. Ta daina cin abinci sosai.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa, na ji an ce ƙaramin yaronka ya yi zazzaɓi. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka tambayi yadda aka ƙare. Washegari Umma ta sa wuƙa ta tsaga kan bishiyar, ta samo ƙunshin fure guda da ya kusa buɗewa, ta shanya shi a ɗakinta. Da matan suka yi fure na ɓoye tsanin, na ce sai dai ni in hau. Ta yi faɗa, amma ta yarda. Ƙaya ta yi mini kaca-kaca da hannu, ita kuma tana ƙasa tana ce mini in karkaɗa a hankali. Biyu sun ɗauka. Ta ukun ta zubar da nata duka, don garin bai kai gare ta ba. Garin baɗi kuwa babu.

Kawu ya ɗauke ƙafa tun ranar, sai jiya ya zo da ɗan dashen dabino a bokiti, yana ta sunkuyar da kai, wai mai sayarwa ya rantse masa namiji ne. Umma ta dubi abin ta ce daga ƙwallo aka shuka shi, ba mai sanin ko namiji ne ko mace sai ya yi fure, nan da shekaru, kuma ba lallai tana nan ba. Kawu ya fashe da kuka, babban mutum da gemunsa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta miƙa masa fartanya ta nuna masa inda zai haƙa.

Kowa yana gaishe ku. A shafa mini kan yara.

Taka har kullum,
Auta