Gaisuwar Aike

Daren Talata, Kura.

Kai mai buɗe littafin nan ba da izinina ba, ji tsoron Allah ka rufe.

Yau ɗalibai uku suka zo kanal ɗin ruwan noman rani ɗibar katantanwa mai yaɗa tsargiya, suka biyo gaishe ni. Ɗaya ta ce, "Hajiya, duk mai binciken cutar nan sai ya ambaci 'yarki Farfesa. Rubutunta muke karantawa." Sai kiran sunanta suke gatsau. Ni da na haife ta, 'yar fari, ban taɓa furta shi ba.

A kan katantanwar nan na zane ta tana firamare, ranar da ta cika min kwanon sha da ita. Ashe abincinta ke nan.

Na tambaya yaushe suka gan ta. Wai makon jiya, a Kano. Kano! Nan da nan fa. "Ta ce a gaishe ki sosai." Na ce ina amsawa.

Ilimin da bai nuna wa mutum hanyar gidansu ba, da sauransa. Har yanzu ban naɗe tabarmar da suka zauna ba.

Daga yau, gidan nan ba a karɓar gaisuwar aike. Mai gaisuwa ya tako da ƙafarsa.