Gadon Sama Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga Innata, a Jugu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya su Kamila? Ni lafiya lau nake, aikin wanki a jirgin ruwan 'yan shaƙatawa yana tafiya.

Abin da kika ji gaskiya ne, a ƙasa nake kwana. Mu huɗu ne a ɗaki kamar akurki, gado biyu sama, biyu ƙasa. Nawa ya faɗo daidai saman Baba Ladan na Albarika, aminin marigayi Baba, shi kuwa gwiwarsa ba ta hawa. Sauran biyun sun ƙi musanya, sai na shimfiɗa darduma. Sanyi yana ɗan taɓa min baya, amma da sauƙi.

Shef, shugabanmu a wurin aiki, ya ja min kunne sau biyu kan kwanan ƙasa, wai na uku sallama ce. Baba Ladan ma ya ce, "Hau, ɗana, na yafe." Ba zan hau ba.

Ki aiko min da man kaɗanya, ki sa ni a addu'a. In kika gan ni a Jugu kafin lokaci, kada ki sunkuyar da kai. Ba ki haifi mai miƙe ƙafa a kan aminin ubansa ba.

Ɗanki,
Sharfaddeen