Gambar Kan Iyaka

Zuwa ga Yayana Uzairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya aiki da zaman Kano? Inna tana gaishe ka.

Yaya, raina a ɓace yake. Baffa Sama'ilu ya tuge gambar da marigayi Baba ya dasa a kan iyakar gonarmu da tasa, ya sake dasa ta cikin geronmu. Da Inna ta yi magana, ya ɗaga mata fartanya, ya ce in ta kai ƙara gun mai unguwa ba za ta ga girbin bana ba. A gabana aka yi.

A makaranta kuma Malama Goodness tana koya mana kalmomin Turanci na ba da tsoro. Ta ce scare da frighten ba sai da niyya ba, ko akuya ce ta diro maka daga katanga ta yi su. Amma threaten sai mutum ya faɗa maka sharrin da zai yi maka in ka ƙi bin sa. Ta nemi misali. Ka san ni, ko sunana aka kira muryata rawa take. Ban san sa'ad da na miƙe na ce, "My uncle threatened my mother" ba. Ga Barira, 'yar Baffa, a bencin gabana.

Yanzu ni ce mai laifi. Wai na tona asirin gida, wai Baffa ɗan razana Inna kawai ya yi. Dangi suna so in koma aji in ce scare nake nufi. Har Inna ta roƙe ni, wannan ya fi ƙona min rai. Maganar mayar da gamba kuwa, ba wanda ya tayar. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Kaltum

Zuwa ga Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma alhamdu lillahi.

Direban Minjibir ya kawo saƙonka, wai in yi haƙuri, Baffa uba ne. Ban canza kalmar ba. Na sa hijabina na je ƙofar mai unguwa ni kaɗai, na faɗa masa komai da Hausa.

Ya zo gona da dattawa, ya sa aka tona inda na nuna. Saiwar tsohuwar gamba tana nan a ƙasa, Baffa bai cire ta duka ba. A gaban kowa aka sa shi ya mayar da iyaka da hannunsa.

Barira ta daina yi min magana. Ko gaishe da Baffa na yi, ba ya amsawa. Duk zan iya jurewa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, da mai unguwa ya tambayi ina babban ɗan marigayi, sai Inna ta sunkuyar da kai. Ni na amsa, na ce kana lafiya.

Wassalam. Ƙanwarka,
Kaltum