Kalmar da Ba Ta Cikin Ƙamus

Yamai, 6 ga Mayu, 1974

Zuwa ga uwargidana Balkisa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Yaya zafin Damagaram? Ni lafiya lau, sai gajiya.

Tun da soja suka karɓi mulki dawar agaji ta fara isowa sansanin Lazaret, amma mayunwata sun fi ta yawa. Har yanzu ina yi wa likitocin Amirka tafinta. Shekara tara ina koyar da Ingilishi a lakwal, ga shi rabin maganar matasan nan ba ta cikin ƙamus ɗina. Kullum da sabuwar kalmar da suka ƙago. Girman kai ya hana ni tambaya, sai in kintata.

Jiya wata likita ta duba wani makiyayi daga wajen Tawa, sunansa Abdulaye, ta ce shi “goner” ne. Na san tushen kalmar tafiya ne, sai na gaya wa matarsa Madina an kusa sallamarsa. Da kin ga murnarta! Ko ba komai, na kai wa wani labari mai daɗi.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Mutari

Yamai, 11 ga Mayu

Balkisa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, Abdulaye ya rasu ranar Laraba. Ashe a bakinsu kalmar nan na nufin wanda tasa ta ƙare, numfashi kawai ya rage.

Saboda maganata Madina ta taka har bakin kogi ta wanke masa rigar komawa gida. Tana can ya cika, ba kowa nasa a kusa. Ta dawo da rigar a ninke a ka.

Na je na gaya mata kuskurena ne. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Cewa ta yi tun mutuwar shanunsu ba ta samu kwanciyar rai ba sai kwana ukun nan. Abu ɗaya ta roƙa, in rubuta wa wansa takarda in sanar da shi.

Balkisa, harshe uku nake rubutu da su. Yau kwana biyu takardar na gabana, ban wuce gaisuwa ba.

Ki sa ni a addu'a, ki ce Inna ma ta sa ni.

Naki har kullum,
Mutari