Tsohuwar Tirelar da Kabiru Ya Sayo

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon ƙafar? Yaya Malam da yara? Mu nan Woodbridge lafiya lau.

Ki kwantar da hankalinki, ɗanki Kabiru bai rasa gidansa ba. Ranar da ya jawo tsohuwar tirelar nan da ake ja da mota, mai gado da murhu a ciki, rufinta duk ya ruɓe, na ɗauka banki zai ƙwace gidan ne mu koma cikinta. Sati biyu ina rage nama a miya. Da na kasa daurewa, na cire awarwarona na zinariya na miƙa masa ya sayar.

Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Umma, ta yawon hutu ce! Dala dubu huɗu na saye ta, gyara zai ci dubu tara. Matsiyaci zai yi wannan?"

Na ce, "Alhamdulillahi, ashe wauta ce kawai."

Addu'ar da kika sa ake yi, kada a daina. A mayar da ita kan Allah ya ƙara masa hankali. Ki gaida Inna Ladi da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Binta